Sonar a jirgin ruwa mai zane: ta isa ta nuna maka inda za ka jefa anka?

Dan_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, na san za ta zo ma wasu baƙuwa tunda mu nan Maraɗi ba teku gare mu ba, amma matambayi ba ya ɓata. Shekarata 3 ina aiki a Monastir can Tunisiya wurin da ake aje jiragen ruwa na shaƙatawa, da wanki da shafa fenti na fara, yanzu wani dattijo Bafaranshe ya ɗauke ni ina bin shi cikin jirginshi, irin mai tafiya da iska ɗin nan mai doguwar sanda da zane, su bwaliye suke ce mai, tsawonshi mita 12. Yanzu haka ina gida hutu, nan da sati 3 zan koma in Allah ya yarda.

Ga abin da ya faru kafin in taho. Mun je tsibirin Kuriyat, ba shi da nisa da Monastir, mun isa da la'asar sakaliya, na duba ekran ɗin sonar, na'urar da ke auna zurfin ruwa, ta nuna mita 5, ƙasan a shimfiɗe ba tudu ba rami, na jefa anka, ƙugiyar ƙarfen nan da ke riƙe jirgi wuri ɗaya, na saki sarƙa mita 25, muka ci abinci muka kwanta. Wajen ƙarfe 2 na dare iska ta juya ta ƙara ƙarfi, sai na ji sarƙa na gurnani kamar ana jan buhu bisa tsakuwa, na fito na tarar fitilar tsibirin da na bari hannun dama ta koma bayanmu, ashe tafiya muke anka na biye da mu. Allah ya tsare muka tada inji. Da muka jawo ankar sai ga ta da damin ciyawa har da saiwoyi, bakinta bai ko taɓa yashi ba. To tambayata, na'urar ce ta yi mini ƙarya ko ni ne ban iya karanta ta ba? Maigidana idonshi ya yi rauni, ni ya bar ma wannan aikin, kuma rayukanmu ne mu biyu.

Mushe_Fizik:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Ni ban taɓa hawa irin jirginku ba amma abin da na'urar ke yi shi muke koyarwa a aji. Ka taɓa leƙa rijiya mai zurfi ka yi kira ka ji muryarka ta dawo? To shi ke nan aikinta. Akwai ɗan abu manne a ƙasan jirgi da ke aika sauti cikin ruwa, sautin ya bugi ƙasa ya dawo, ita kuma ta ƙirga lokacin. Cikin ruwan teku sauti na gudun kusan mita 1500 a daƙiƙa guda, ya ninka gudunshi cikin iska fiye da sau 4. In zurfin mita 6 ne, zuwa da dawowa mita 12, wato daƙiƙa 0,008. Don haka mita 5 da ta ce maka gaskiya ta faɗa, ta samu abin da ya maido mata sauti a mita 5. Zurfi ka tambaye ta ta ba ka zurfi. Ko anka za ta kama ko ba za ta kama ba, wannan wata tambaya ce daban.

Hajiyar_Mokoyo:
Innalillahi, ɗana ƙarfe 2 na dare cikin teku? Allah ya tsare ku. Mahaifiyarka ta san irin aikin ga da kake yi kuwa?

Dan_Bagalam:
Ta sani Hajiya, kullum tana cikin addu'a. Na gode. Ba irin jiragen masu tsallakawa ba ne, muna da takardu da rediyo da rigunan ceto, bakin gaɓa muke bi.

Ma_su_Madarumfa:
Ni dai yaro ban san na'ura ba, amma ruwa na san shi, shekarata ta hi talatin ina su a tabkin Madarumfa. Mu gora muke sawa. In ka soka gora ta nutse sululu ta riƙe, laka ce. In ta yi ƙas-ƙas a hannunka, rairayi ne. In ta yi santsi tana lanƙwasa abu, haki ne, kuma ba mu kafa komi bisa haki. Tun muna yara anka hwaɗa muna haka. Kai laihinka guda, ka jefa ƙugiya ka tahi ka kwanta ba ka ja ta ka ji ko ta ci ƙasa ba. Ko akuya ka ɗaure a turke ai sai ka girgiza turken.

Dan_Bagalam:
Baba gaskiyarka, na ja da baya da inji amma kaɗan, na ga jirgi ya tsaya na ɗauka ta kama.

Tsohon_Matalo:
Baba na Madarumfa ya gama magana wallahi. Ni na yi shekara 9 a ƙananan jiragen da ke aiki bakin tashar Kwatano da Lome, ba masu zane ba ne amma anka ɗaya ce ko ina. Bari in tsaya a kan ekran ɗin tunda shi ka tambaya. Kada ka tsaya kan lambar da ke sama kaɗai, mafi yawan sababbin shiga lambar suke kallo, ka kalli zanen ƙasan da ke tafiya a ekran. Ƙasa mai tauri, dutse ko fa, tana maido sauti da ƙarfi, layin ya fito da kauri da launi mai zafi, a yawancin na'urori ja ko ruwan ɗorawa, kuma in ka buɗe ma'aunin zurfin ya ninka sai ka ga wani layi na biyu can ƙasa daidai ninkin zurfin, in kana mita 5 ka gan shi a mita 10, saboda sautin ya buga ƙasa ya dawo ya bugi saman ruwa ya sake komawa. In ka ga wannan layi na biyu ya fito raɗau ka san ƙasa ta yi tauri. Laka mai laushi shanye sautin take, layin ya fito dishi-dishi, na biyun kuma ba ka ganinshi ko kaɗan. Yashi na tsakanin su biyu, layi mai tsabta a miƙe, shi kake nema, shi da laka mai ɗan ƙarfi. Ita kuwa ciyawa ba ta ba da layi mai kaifi, za ka ga saman ƙasan ya yi buzu-buzu kamar gashin da ba a taje ba, launi mai rauni a sama mai ƙarfi a ƙasanshi. Na tabbata da ka duba da kyau ran nan da ka ga buzu-buzun nan. Kuma sau da yawa lambar da take ba ka ta kan ciyawar ce, ainihin ƙasa na nan ƙasa da haka.

Dan_Bagalam:
Allahu akbar. Yaya wallahi na ga wani abu kamar hayaƙi bisa layin, na ɗauka datti ne na ekran ko ƙananan kifi.

Sajfam_Zariya2:
Ni abin ga ya burge ni don aikina ke nan kullum, ina yi ma mata eko a wata asibiti nan cikin gari. Ashe abu ɗaya ne da naku. Mu ma sauti muke aikawa cikin ciki ya dawo ya zana muna jariri, ƙashi ya fito fari tas don yana maido sauti da ƙarfi, ruwa ya fito baƙi. Kuma man nan mai sanyi da muke shafa ma mace a ciki ba don komi ba ne sai don korar iska, in akwai iska tsakanin na'ura da fata ba ka ganin komi. Abin da zan ce ma ƙanena, ido ne ke koyo. Watannina na farko in na kalli ekran toka-toka kawai nake gani, wadda ta koya mini tana nuna mini ga kai ga ƙashin baya ni ban ga komi ba, sai da na kalli ɗaruruwa. Ka riƙa kallon ekran a wurin da ka riga ka san abin da ke ƙasa, haka ake koyo.

Mushe_Fizik:
Madalla Malama. Kuma maganar iska da kika yi ta shafi jirgi kai tsaye, in kumfa ya bi ta ƙarƙashin abin aika sautin, misali lokacin da aka ja da baya da inji ko aka bi sawun wani jirgi, lambar sai ta riƙa tsalle ko ta ɓace. Bambancinku da su yawan kaɗawar sautin ne, naku miliyoyi ne a daƙiƙa, nasu dubbai, yawanci 50.000 ko 200.000. Mai 200.000 ya fi fitar da abu dalla-dalla a ruwa marar zurfi, mai 50.000 ya fi nisa amma hotonshi bai kai wancan kyau ba. Dan_Bagalam in taka na da zaɓi, wurin jefa anka ka sa ta a 200.

Abba_Sabongari:
To ni tambayata daban, abin nan yana nuna kifi? Don in yana nunawa me ya hana a kawo ma masuntanmu na Madarumfa, maimakon mutum ya wuni yana jefa taru a banza

Tsohon_Matalo:
Yana nunawa, kifi na fitowa kamar ɗan baka ko jinjirin wata, saboda jakar iskar da ke cikin cikinshi tana maido sauti sosai. Akwai ƙanana masu batir da ake ɗaura ma kwalekwale, har da wanda ake jefawa da igiya ya aiko hoto a waya. Amma a ruwa marar zurfi abin da take gani ɗan kaɗan ne, ka tambayi Mushe ya yi maka lissafin.

Mushe_Fizik:
Sautin na fita ne kamar hasken cocila, siriri a baki yana faɗi in ya yi nisa. A mai 200 ɗin nan da aka saba, faɗin wurin da take gani a ƙasa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ba. Ruwa mai mita 3, abin da take gani da'ira ce ta kusan mita 1, kamar faɗin babban faifai biyu. A mita 6 kusan mita 2. To ka ga wannan ma ya shafi tambayar farko, Dan_Bagalam na'urarka tabarma guda take gani a ƙarƙashinka, alhali jirginka zai yi yawo cikin fili babba da dare.

Ma_su_Madarumfa:
Abba kar ku kawo muna. Kihin da ya rage a tabki ba shi da yawa, in kunka kawo abin da za ya nuna ma kowa maɓoyarshi mi za ya saura? Dama ana rufe su wani lokaci don kihi ya hayayyafa. Damuwarmu rairayi ne da ke cike tabkin duk damina, wurin da gora ba ta taɓa ƙasa lokacin ubana yanzu yaro na tsayawa. In akwai amfanin na'urar ga garemu to a auna muna zurhin tabkin duk shekara a nuna ma hukuma.

Abba_Sabongari:
Baba wannan magana ce, ban kawo ta a raina ba. Ashe har wannan za ta iya yi.

Injiniya_Gulbi:
Za ta iya, da irinta ake auna yadda laka ke cike madatsun ruwa, a bi layi-layi da kwalekwale ana haɗa zurfi da GPS a fitar da taswira. Amma mu koma kan yaron nan da zai koma teku nan da sati 3. Ni ina ganin ana ɗora ma ciyawa laifi duka alhali sarƙar ma ta yi kaɗan. Ka ce zurfi mita 5 sarƙa mita 25, ka ɗauka ninki 5 ka yi ko? Ka manta tsayin hancin jirgi daga saman ruwa, aƙalla mita 1 ne, sannan ina na'urarka ke fara ƙirga, daga saman ruwa ko daga inda take manne ko daga ƙarshen ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙarƙashin jirgi? Wannan saiti ne da ake yi, kowane jirgi da nashi. In daga ƙarshen ƙarfen take ƙirgawa kuma ƙarfenku ya nutse kusan mita 2, to ruwan mita 7 ne ba 5 ba, ka ƙara na hanci ya zama 8, sarƙarka mita 25 ninki 3 ke nan da ɗan kai. Ninki 3 cikin iska mai ƙarfi anka ɗaguwa take, don ita tana kamawa ne in ana janta a kwance.

Dan_Bagalam:
Injiniya ka ɗaure ni. Wallahi ban san daga ina take ƙirgawa ba, haka na tarar da ita.

Injiniya_Gulbi:
To shi ne farkon abin da za ka yi in ka koma, tun jirgi na ɗaure a tasha. Ka samu igiya ka ɗaura mata ƙarfe ka saka daga gefen jirgi daidai inda na'urar take, ka auna da mita, ka gwada da abin da ekran ya ce. Minti 10 ya ishe ka.

Tsohon_Matalo:
Injiniya lissafinka daidai ne amma ban yarda da kai duka ba. A kan ciyawar Bahar Rum ɗin nan ko ninki 10 ya saki ba tabbas, saiwoyinta saƙaƙƙu ne kamar tabarmar kaba mai kauri, bakin anka zamewa yake a kai, ko ya ɗan kama ya yage guntu ya taho da shi kamar yadda ya gani. Sarƙa mai yawa na taimako in anka ta riga ta shiga ƙasa.

Injiniya_Gulbi:
Ban musa ba Yaya, cewa na yi kuskure biyu ne suka haɗu. In ya gyara ɗaya ya bar ɗaya gobe a kan yashi ma zai ja.

Daliba_Muhalli:
Ku yi haƙuri in sa baki, ina karatun kimiyyar muhalli a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ciyawar da kuke magana sunanta posidoniya, wannan irin nata a Bahar Rum kaɗai yake a duniya, kuma ba gansakuka ba ce, tsiro ne sosai mai saiwa da ganye har fure take yi a ƙarƙashin ruwa. Cikinta ƙananan kifi ke girma, tana riƙe yashin gaɓa kamar yadda gamba ke riƙe gona. Abin tausayin a shekara ƴan santimita kaɗan take ƙaruwa, ramin da anka guda ta yaga cikin dare ɗaya sai ya yi shekaru da yawa bai rufe ba. Shi ya sa Faransa ta hana manyan jirage masu wuce mita 24 jefa anka a kanta a wurare da dama, a tsibiran Baleyar na Sifen ma an hana. Kuma tsibiran Kuriyat ɗin nan wuri ne da kunkurun teku ke zuwa saka ƙwai. Yaya Dan_Bagalam ba laifi nake ba ka ba, amma neman yashi ba don tsaronku kaɗai ba ne.

Dan_Bagalam:
Ƙanwata na ji kuma na karɓa. Na sha ganin ƙwallayen nan masu ruwan ƙasa a bakin gaɓa kamar kashin raƙumi manya, an ce mini daga ita suke. Ban san tana da wannan daraja ba.

Mai_Rijiya_Tsibiri:
Ni gina rijiya nike, ina karatu tun ɗazu. Maganar Injiniya ta igiya da ƙarhe ita ta sa ni magana, mu ma haka muke auna rijiya, da gaba muke ƙirga, rijiya gaba goma gaba ashirin. Su masu teku da mi sunka yi ta aiki kahin na'ura?

Mushe_Fizik:
Malam da abin da kake yi suka yi, har ma'aunin iri ɗaya ne. Su ma da gaba suke auna zurfin teku, buɗin hannu biyu, wajen Turawan Ingila an tsaida shi ƙafa 6, mita 1,83. Igiya ce da dunƙulen darma a bakinta, kuma ga dabarar da ta dace da zancenmu, ƙasan darmar akwai ɗan rami da suke cusa ma kitse, in ta bugi ƙasa aka jawo sai a ga abin da ya manne, yashi ko laka ko ɓawon katantanwa, in kitsen ya dawo da tabo ba komi a jiki to dutse ne. Wato su har samfurin ƙasar suke ɗaukowa. Aunawa da sauti ta zo ne bayan nutsewar Titanic a 1912, wani Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar dabararshi a 1913, sannan lokacin yaƙin duniya na farko Bafaranshe Paul Langevin ya yi aiki a kan gano jiragen ƙarƙashin ruwa da sauti. Jemage kuwa Allah ya hore mai tun fil azal.

Mai_Rijiya_Tsibiri:
Ikon Allah. To yaro ka nemi darma da kitse ka aje, ba su cin batir.

Tsohon_Matalo:
Ka aje ɗin da gaske, ranar da batir ya mutu za ka gode ma Malam. Bari in gaya maka yadda zan yi in ni ne, ka ɗauki abin da ya yi maka. Ka isa wuri da sauran rana, kar ka bari sai magariba, ruwan wajenku garau yake, in rana na sama ka tsaya a hancin jirgi za ka ga yashi ya yi haske ruwan ya yi shuɗi-shuɗi mai fari, ciyawa kuma duhu, maigidanka ya riƙe tuƙi kai kana nuna mai da hannu. Kafin ka jefa ka zagaya a hankali ka yi da'ira faɗin inda jirgi zai iya kaiwa in iska ta juya, idonka a ekran, don in sarƙa mita 30 ce jirgi mita 12, kuna iya lilo kusan mita 40 ta kowane gefe, daga wannan baki zuwa wancan mita 80, ya kusa tsawon filin ƙwallo, kuma dutse guda a cikin filin nan ya isa. In ka samu farin wuri ka tuna na'urar ba a hanci take ba, tana baya da ƴan mitoci, abin da ka gani a ekran ka riga ka wuce shi, kuma gefen dama na ekran shi ne yanzu, duk abin da ke hagu tarihi ne. Ka sauke anka har ta taɓa ƙasa kana saki jirgi na ja da baya, kar ka zuba sarƙa tuli guda a kanta. In ka gama saki a ja da baya da inji a hankali sannan a ƙara wuta sosai a riƙe kamar minti guda, kai kuma ka ɗora tafin hannu bisa sarƙa can gaban abin naɗe ta, ka kiyaye yatsunka, in tana ja za ka ji tana karkarwa tana tsalle, in ta kama za ta miƙe ta yi shiru kamar tsirkiya. Sannan ka saita abu biyu a tudu da ke layi ɗaya, in sun rabu kana tafiya.

Nana_Ali_Dan_Sofo:
Ni ban san komi a jirgi ba amma mijina direban kamiyo ne, na san zaman jiran wanda ke hanya. Ba wani abu da zai tashe ku daga barci in jirgin ya fara tafiya? Don da ba ka ji ƙarar sarƙa ba fa?

Injiniya_Gulbi:
Akwai Hajiya. GPS na jirgi na da ƙararrawa, har a waya ana sa manhajar, ka shata da'ira in jirgi ya fita ta yi ƙara. Ita sonar ɗin ma ana sa mata iyaka, in zurfi ya ragu ƙasa da kaza ko ya ƙaru sama da kaza ta yi kuka. A sa duka biyun. Sai dai a danna alamar a lokacin da aka jefa anka, a inda ta faɗa, ba bayan an gama ja da baya ba.

Dan_Gaya_a_Maradi:
Ni mutumin Gaya ne kasuwanci ya zaunar da ni nan. A kogin Isa matsalarmu tudun yashi ne da ke tashi daga wuri zuwa wuri, inda jirgi ya bi bara bana sai ya dafe. Can ƙasa wajen tabkin Kainji kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka yi madatsar a 1968 suna nan ƙarƙashi, jirage na karo da su ana asarar rayuka. To wannan na'ura ba za ta hango kututture a gaba ba?

Tsohon_Matalo:
Irin ta Dan_Bagalam ƙasa kawai take kallo, kafin ta nuna maka kututture ka riga ka hau shi. Akwai masu kallon gaba, kamfanin Garmin na yi, kamfanin B&G na yi, amma da tsada kuma a ruwa marar zurfi ba su hango nesa, sai kana tafiya sannu-sannu suke da amfani. Jirgin kasuwa da ya yi lodi fiye da kima yana gudu da dare ba na'urar da za ta cece shi, rigar ceto da rage lodi su ne maganar.

Dan_Gaya_a_Maradi:
Haka ne wallahi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Dan_Bagalam:
Amin. Yaya Matalo wata tambaya, maigidana na son mu gangara kudu wajen tsibiran Karkana da Jarba in na koma, an ce can ruwan ba zurfi.

Tsohon_Matalo:
To nan sai ka ƙara abu guda cikin lissafi. Yawancin Bahar Rum cikar teku da janyewarta ba su da yawa, shi ya sa a Monastir ba ka damu da su ba, amma wajen Gabes, can kudancin Tunisiya, bambancin na kaiwa kusan mita 2 lokacin tsayuwar wata da tsakiyarshi, Karkana ma ana jin shi. Na'ura abin da ke akwai yanzu take faɗa maka, in ka shiga ruwa na cike ta ce saura mita 1 ƙarƙashin ƙarfenku, bayan awa 6 kana iya samun jirgi zaune a ƙasa ya kwanta gefe. Ka duba jadawalin cikar teku kafin ka jefa, zurfin da zai rage in ruwa ya janye shi ne na tsaron ƙarfenku, wanda zai kai in ya cika shi ne na lissafin sarƙa. Kuma Karkana cike take da shingayen kamun kifi na ganyen dabino da masunta ke kafawa cikin ruwa, ka buɗe ido.

Daliba_Muhalli:
Kuma wajen nan posidoniya ta fi yawa Yaya, filayenta na yankin Gabes na cikin mafi faɗi a Bahar Rum duka. Farin yashi zai yi maka wuyar samu, ka tambayi masuntan wurin.

Ma_su_Madarumfa:
Yauwa ɗiyata. Ko baƙo ya zo Madarumfa da na'urar duniya sai ya gaida masu ruwa ya tambaye su. Ka iya larabcinsu yaro?

Dan_Bagalam:
Ina ji ina maidawa Baba, shekara 3 ta koya mini na kasuwa da na tasha. Zan tambaya.

Injiniya_Gulbi:
Ni har yanzu hankalina na kan saitin nan. In ka auna da igiya ka rubuto muna abin da ka samu, ina so in san ko mita 5 ɗin nan 5 ce ko 7. Kuma ka nutsa ka duba fuskar abin aika sautin, in ƙananan katantanwa sun manne mai yana rage gani, ka goge a hankali kar ka kankare da ƙarfe.

Sajfam_Zariya2:
Ka ɗauko muna hoton ekran ɗin ma, ɗaya a kan yashi ɗaya a kan ciyawa, ina so in gani ko idona zai rarrabe.

Abba_Sabongari:
Baba na Madarumfa ranar Juma'a ina shigowa garinku, in akwai tarwaɗa a aje mini. Kuma ina so ka nuna mini wurin nan da ka ce yashi ya cike.

Ma_su_Madarumfa:
Ka zo da sahe kahin rana ta yi zahi, ka tambayi bakin tabki wurin masu kwalekwale. Kai ma Dan_Bagalam in hutunka bai ƙare ba ku taho tare, in ba ka gora ka soka da hannunka ka ji yadda laka take da yadda haki yake.

Dan_Bagalam:
In sha Allah Baba muna tahe. Abba ka kira ni in ka tashi, ina da moto. Mushe wata tambaya ta taso mini yanzu, in saman ruwan teku ya yi ɗumi na ƙasa da sanyi, wani lokaci ina ganin wani siririn layi a tsakiyar ekran ba ƙasa ba ba kifi ba, shi ma sautin ne ke dawowa daga nan?